Kama da Wane Ba ta Wane: Asalin Ƙwarin da ke Tsalle a Ganye

Idan aka ratsa gonar masara da damina, akan ga wasu mitsi-mitsin ƙwari suna tsalle daga ganye zuwa ganye. Da yawa na ɗauka 'ya'yan fara ne, alhali ko kusa. Fara taunar ganye take yi, su kuwa bakinsu kamar allura yake, sokawa suke su tsotse ruwan shuka. Wannan baki ne ya sa masana suka ajiye su a rukunin Hemiptera, gida ɗaya da kuɗin cizo.

Sunan zuriyarsu Cicadellidae, kuma ire-irensu da aka tantance sun haura 20,000. Ana gane su da jerin ƙayoyin da ke ƙafafunsu na baya. Amma wajen bambance iri da iri, launi ba ya fitar da mutum. Sai an sa al'aurar namijin ƙarƙashin madubin ƙara girma, don a nan ne kowane iri yake da tasa siffa.

Shekara da shekaru ana ware su daga Membracidae, wasu ƙwari masu ƙaho da tozo a gadon baya, saboda a ido ba su haɗa komai ba. Binciken ƙwayoyin gado ne ya birkita lissafin. Aikin da Christopher Dietrich na jihar Ilinoi ta Amurka da abokansa suka fitar a 2017 ya ƙarfafa cewa masu ƙahon daga cikin Cicadellidae suka tsiro. Ashe 'yan gida ne da suka sake kama.

Wani zai ce ina ruwan manomi da wannan ƙirgen dangi? Ruwansa kuwa har tsaki. A reshen Deltocephalinae akwai jinsin Cicadulina, mai yaɗa cutar nan da ke sa ganyen masara zane-zanen rawaya, shuka ta tsumbure ta ƙi goyo. Tun 1925 masani H. H. Storey ya tabbatar a Afirka ta Kudu cewa Cicadulina mbila ne ke ɗaukar ta. Sanin jinsin mai laifin ne ya ba cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan damar kiwon ƙwarin a keji, tana sakinsu kan ƙananan shuke-shuke, tana zaɓen masu jurewa. Irin masarar da ya fito daga wannan aiki ya jawo wa cibiyar lambar yabo ta Sarki Baudouin a 1986.