Yadda ake kama 'yan maguɗi a wasannin intanet

A watan Fabrairun 2023, kamfanin Valve na Amurka ya rufe asusun 'yan wasa sama da 40,000 a wasan Dota 2. Ba wanda ya zauna yana kallon wasansu ɗaya bayan ɗaya, tarko kawai aka ɗana musu. Injiniyoyin kamfanin sun cusa wasu bayanai a wani lungu na manhajar wasan, inda wasa na gaskiya ba ya taɓa leƙawa. Manhajar maguɗi kuwa sai ta leƙa, don aikinta ke nan, bin lungu-lungu tana kwasar abin da aka ɓoye wa ɗan wasa. Duk asusun da ya karanta wurin, ya tona asirin kansa.

To me ya sa tun farko ake ajiye sirri a na'urar ɗan wasa? Dalilin shi ne sauri. A wasan harbi irin su Counter-Strike ko PUBG, babbar kwamfutar kamfani kan aiko wa na'urarka bayanin inda abokin hamayya yake tun kafin ya fito daga bayan bango, saboda idan aka jira sai ya fito sannan a aiko, jinkirin intanet zai sa ka gan shi a makare. Ke nan na'urarka ta san abin da idonka bai gani ba. Manhajar maguɗi wannan take karantawa, ta zana maka mutum ta cikin bango, ko ta juya maka bakin bindiga zuwa kansa.

Tsohuwar hanyar kamu irin ta manhajar kashe bairos ce: a samo manhajar maguɗi, a haddace kamanninta, a riƙa nemanta a kwamfutocin 'yan wasa. Da haka tsarin VAC na Valve ya fara a 2002. Sau da yawa ba a korar mutum nan take, sai an bari kwanaki ko makonni sun wuce, don kada masu ƙera manhajar su gane abin da ya tona su. Da maguɗin ya ƙara nutsawa, Riot Games ya fito da Vanguard tare da wasan Valorant a 2020, wanda ke aiki a can cikin zuciyar Windows. Mutane da yawa sun yi ƙorafi, kuma suna da hujja, domin ba ƙaramin iko ba ne ka miƙa wa kamfanin wasa. Duk da haka wasu 'yan maguɗin suka koma amfani da kwamfuta ta biyu, da wani kati da ke karanta ƙwaƙwalwar ta farko daga gefe.

Shi ya sa, a ganina, hanyar da ta fi ƙarfi ita ce duban hali maimakon neman manhaja. Hannun ɗan adam yana da alamunsa. Idan ka ja linzamin kwamfuta zuwa ga abin hari, kakan ɗan zarce ko ka gaza, sannan ka gyara, kuma tsakanin gani da motsi kana cinye kusan kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar na daƙiƙa. Ita manhaja tsalle ɗaya take yi ta dira a kai, yau haka, gobe haka. A 2018 Valve ya bayyana VACnet, tsarin da aka horar da shi da ɗimbin wasannin baya, yana duba yadda saiti ya motsa dab da harbi da kuma bayansa. A lokacin, wanda ya zarga sai a tura faifan wasansa ga gogaggun 'yan wasa su yanke hukunci. Masu maguɗi sun mayar da martani, suka koya wa manhajarsu yin kuskure da gangan. Su kuma masu Call of Duty a 2023 suka fara saka 'yan wasan bogi waɗanda wanda ake zargi ne kaɗai ke iya ganinsu. Idan ya bi su da harbi, magana ta ƙare.

Amma fa kamu yana faɗawa kan marar laifi. A Oktoban 2023, wani sabon fasali a manhajar katin hoto na AMD ya riƙa taɓa fayilolin Counter-Strike 2, sai VAC ya kori mutanen da ba su yi komai ba. Dole aka janye fasalin, aka maido musu da asusunsu.

Kai ma da kake Free Fire ko PUBG Mobile a waya, ka yi hattara da saurin zargi. Idan aka harbe ka bayan ka riga ka shige bayan bango, galibi ba maguɗi ba ne. Babbar kwamfutar takan koma baya da 'yan ɗigon lokaci ta duba abin da mai harbin ya gani a allonsa, kuma a can ba ka gama shigewa ba. Abin da ya cancanci ka danna maɓallin kai ƙara a kansa shi ne saitin da ke bin mutum ta cikin bango alhali babu ƙarar taku babu komai, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.