Gudu Ba Ya Ci Shi Kaɗai: Raddi Ga 'Yan Wasan Pokémon Na Garinmu

Idan damina ta yi nisa, ruwa ya kwanta a fadamun Miga, aikin gona kan ɗan lafa da rana, sai rumfar mai cajin waya ta zama majalisar samari. Yawancinsu ƙwallo suke bugawa a waya, wasu kuma ludo. Amma akwai 'yan ƙalilan, galibi waɗanda suka dawo hutu daga makarantun Dutse da Kano, da suka zo mana da wani wasa na daban, wato faɗan dodannin Pokémon a dandalin Showdown, wanda kowa ke iya shiga kyauta in dai yana da data. Ɗan ƙanina na cikinsu, shi ya koya mini, kuma a bakinsa na fara jin maganar da nake son mu tattauna yau. Ya ce, "Baba, ka zuba masa gudu har ƙarshe kawai. A wasan nan wanda ya riga bugu shi ke ci." Na ji ta daga baya a bakin abokansa sau ba adadi, ana faɗinta kamar karatun da aka gama bita.

Ga wanda bai san wasan ba, kamfanin Game Freak na Japan ne ya ƙirƙiro shi, Nintendo ta fitar da shi a 1996, kuma yau jinsunan dodannin sun haura 1,000. A gasar duniya kowane ɗan wasa kan zo da dodanni 6, ya zaɓi 4, biyu-biyu suna fili a lokaci guda. Ba wasan saurin yatsa ba ne. Kowa zai zaɓi abin da dodonsa zai yi a ɓoye, sannan na'ura ta zartar, kuma dodon da lambar gudunsa ta fi girma shi ke fara motsi.

To, masu wannan ra'ayi ba daga sama suka tsinto shi ba, kuma ba zan yi musu rashin adalci ba. Dodon da aka kayar kafin ya ɗaga hannu bai yi komai ba a wannan zagayen, ko da kuwa ya fi kowa ƙarfi. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon dambe ya san darajar hannun da ya fara sauka a muƙamuƙi. Har ma a wasannin farko na 1996 gudun jinsin dodo shi ke ƙayyade yawan samun bugu mai ninki, don haka mai gudu kan ci riba biyu, ya riga ka kuma ya fi ka sa'a. An daɗe da cire wannan doka, amma ɗabi'ar da ta haifa ta zauna. Ina tare da ku, 'ya'yana, a kan cewa gudu na da muhimmanci. Inda muka rabu shi ne kalmar nan "har ƙarshe".

Mu a nan mun san jinga. Duk shekarar da Kogin Haɗeja ya cika da ruwan da ke gangarowa daga Tiga da Challawa, mun san yadda ake kwana ana cika buhuna da ƙasa, kuma wanda ya ga ambaliyar 2022 a Jigawa ba sai an yi masa dogon bayani ba. Aikin jinga ɗaya ne, ta ɗara ruwa tsawo. In ta ɗara shi da faɗin yatsa huɗu ta tare shi, in ta ɗara shi da kamu biyu ma tarewar dai ce. Buhuna kuwa ƙididdigaggu ne. Mutumin da ya tara su duka a gabas har jinga ta kai ƙirji, ya bar arewa a ƙasa, ruwa ba zai yi gardama da shi ba, zagayawa zai yi ya shigo ta inda aka bari.

Haka lambar gudu take a wannan wasa. Na'ura ba ta duba da nawa ka fi abokin karawarka, abin da take dubawa kawai wa ya fi. Wanda ya ɗara da maki 1 da wanda ya ɗara da maki 60 ladansu ɗaya, su fara motsi. Buhunan ma a ƙirge suke. Kowane dodo makin horo 510 gare shi da za a raba a kan siffofi 6, wato yawan rai, bugu iri biyu, kariya iri biyu, da gudu, kuma ba a zuba wa siffa ɗaya fiye da 252. Ka ga ke nan siffa biyu kacal za ka iya cikawa, saura 'yan canji. Duk makin da ka ƙara wa gudu bayan ka riga ka wuce wanda kake son wucewa, daga bakin wata siffar ka ƙwace shi.

Bari in kawo lissafi a fili, don kada a ce dattijo ya fake da karin magana. A mataki na 50, wanda a kansa ake yin gasa, Dragapult da aka cika wa gudu, aka kuma ba shi halin da ke ƙara gudu da kashi 10 cikin 100, yana kaiwa 213. Flutter Mane, wadda ta addabi mutane a wasannin Scarlet da Violet, iyakarta 205. In damuwarka ita ce Dragapult ɗinka ya riga ta, 206 kake nema, kuma makin horo 204 sun isa su kai ka can. Ka tsira da 48. A mataki na 50 waɗannan 48 za su ba ka maki 6 a rai ko a kariya.

Na san abin da za a ce, domin an faɗa mini a rumfar: "Haba Baba, maki 6 me za su yi?" A nan ne nake ganin samarinmu ba su tsaya sun duba da kyau ba. Ɓarnar da bugu ke yi a wasan nan ba tsayayyiya ba ce, na'ura kan zaɓe ta tsakanin kashi 85 da kashi 100 na cikakken ƙarfinsa. Saboda haka akwai bugu da yawa da ke tsaye a bakin gaɓa, wani lokaci su kashe, wani lokaci su bar dodo da ɗan numfashi. Dodon da ya rage da rai 1 kuwa yana rama bugu da cikakken ƙarfinsa a yawancin hare-hare, tamkar ba a taɓa shi ba. Ƙwararru kan zauna da na'urar lissafin ɓarna su gano daidai makin da zai sa dodonsu ya jure mafi munin bugun wani sanannen abokin gaba, su zuba wannan adadin ba ƙari. Sau da yawa abin da ke raba faɗuwa da tsira bai kai maki 6 ɗin da ake renawa ba.

Sannan lambar da ka sha wahalar cikawa ba ta da tabbas a fili. Akwai gyalen da ake ɗaura wa dodo ya ƙara masa rabin gudunsa, da sharaɗin ya tsaya a kan hari ɗaya. Dodo mai 152 in ya ɗaura shi ya koma 228, ya bar Dragapult ɗinka mai 213 a baya. Akwai iskar baya da ke ninka gudun ɓangare guda na zagaye 4. Akwai shanyewar jiki da ke raba gudu biyu, mai 213 ya dawo 106. Akwai masu iyo irin su Kingdra da gudunsu ke ninkuwa in ruwan sama ya sauko, kamar yadda tarwaɗa ke zama wata aba daban ranar da fadama ta cika. Akwai kuma hare-haren da doka ta ba su gaba, waɗanda ke sauka kafin a ma duba lambar kowa. Incineroar, wanda ya shekara da shekaru yana cikin dodannin da aka fi amfani da su a gasa, asalin gudun jinsinsa 60 ne kawai, amma marin da yake buɗe fili da shi kan sauka kafin harin mai gudu ya fito, ya kuma hana shi motsi a wannan zagayen.

Babbar hujjata dai ita ce dabarar da wasan ke kira Trick Room, wadda ni nake ce wa ɗakin juyi. Ta shigo ne da wasannin Diamond da Pearl a 2006. Da zarar an kafa ta, tsawon zagaye 5 har da wanda aka kafa ta a ciki, mai nawa shi ke fara motsi, mai gudu ya koma ƙarshen layi. Reshe ya juye da mujiya. Masu wannan salo sukan bi hanyar da ta saɓa wa taku gaba ɗaya. Sukan nemi dodon da makin gadonsa na gudu, wato wanda aka haife shi da shi, sifili ne, su ba shi halin da ke rage gudu, su hana shi makin horo ko ɗaya a wannan fanni, su kwashe kusan duka 510 su zuba a rai da bugu. Torkoal, wani kunkuru mai aman wuta, in an yi masa haka gudunsa 22 ne. Regieleki, wanda ya fi kowane jinsi gudu, yana kaiwa 277. A cikin ɗakin juyi kunkurun ne ke fara magana, kuma da yake duk horonsa ya tafi a ƙarfi, maganar tasa ba ta da daɗin ji. Na ga ɗan ƙanina ya gamu da irin wannan tawaga wata rana da la'asar. Dodanninsa huɗu, kowanne an cika masa gudu, kowanne jikinsa kamar takarda, suka zube kafin zagaye biyar ɗin su cika. Ya ajiye waya ya ce netwok ne.

Ko babu ɗakin juyi, akwai wuraren da jinkiri ke da riba. Wasu dodanni da shigowarsu fili suke sauya yanayi, wannan ya kawo rana, wancan ya kawo ruwa. In biyu suka shigo tare, mai gudu ne ke fara kafa nasa, sai mai nawa ya zo ya shafe shi. Pelipper mai kawo ruwa ya fi Torkoal mai kawo rana gudu, saboda haka in sun fito lokaci guda rana ce ke tabbata. Kamar zaman sulhu ne a gaban mai unguwa, yaro kan riga kowa magana, amma ta dattijon da ya yi shiru har ƙarshe ake tashi da ita. Haka nan hare-haren da dodo ke bugu ya koma benci a turo wani. In mai yin su ya fi nawa, shi zai sha dukan zagayen, abokinsa mai rauni ya shigo lafiya ba ko ƙwarzane.

Wanda ke son shaida daga babban fage ya duba gasar duniya ta 2014 a birnin Washintan na Amurka. Se Jun Park na Koriya ta Kudu ne ya ɗauki kambin, kuma abin da duniya ta riƙe daga tawagarsa shi ne Pachirisu, wani ɗan kurege da ba wanda ke sa shi a lissafi. Bai horar da shi don tsere ba, juriya ya gina masa. Aikinsa ya jawo hare-haren abokan gaba kansa, ya shanye, ya kuma shanyar da jikin masu gudu, manyan tawagar su samu sarari su yi aiki. Ɗan kuregen ya sha dukan da aka ɗauka zai kwantar da shi, ya miƙe.

Akwai wurin da nake sallama muku, kuma ba ƙaramin wuri ba ne. In dodon da kake amfani da shi kowa ma shi yake amfani da shi, kuma jikinsa ba ya ɗaukar duka, to abokin tserenka shi ne ɗan'uwansa na ɗaya ɓangaren. Flutter Mane biyu masu 205 in suka haɗu, na'ura ƙuri'a take jefawa, rabi da rabi. Wanda ya rage ko maki 1 ya sayar da rabin nasa, ya koma na biyu kullum. A irin wannan hali cikawa har ƙarshe na iya zama daidai. Amma ku lura, a nan ma lissafi ne ya kai mu ga 252, mun san wa muke gudun wa, mun san abin da za mu rasa. Wannan daban yake da a ɗauki kowane dodo, mai ƙiba da siriri, a danna masa 252 don an ji ana yi.

Wani abin dariya ma, masu matsakaicin gudu suna da nasu cinikin. Kowa ya san yawancin mutane ba sa ba Incineroar gudu, sai wani ya ƙara masa maki kaɗan don marinsa ya riga na ɗan'uwansa. Wani ya ji labari ya ɗara shi da ɗaya. Na uku ya ɗara na biyu. Kamar masu taya kwandon kifi a kasuwar Haɗeja, kowa na leƙen bakin ɗan'uwansa kafin ya furta nasa. Wanda ya iya wannan ciniki ya san inda zai tsaya ya bar wa wani, domin ya san kuɗin da ke aljihunsa 510 ne, ba a kuma ba da bashi.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a duk wannan, a matsayina na wanda ya ga yara da yawa suna gudun darasin lissafi, shi ne yaron da ke cewa kansa ba ya ɗaukar kashi cikin ɗari, ga shi a rumfar caji yana ninka 152 da ɗaya da rabi a ka, yana yar da ɓurɓushin. Da malamansu za su leƙo, da sun samu misalan aji kyauta.

Roƙona gare ku, samarin Miga da na Zareku da Hantsu da duk inda wasan nan ya kai, kafin ku taɓa ma'aunin gudu ku ɗauki biro da takarda. Ku rubuta sunayen dodanni uku ko huɗu da suka fi kayar da ku a makon nan, ku nemo iyakar gudun kowanne, ku yanke wanne za ku iya wucewa, wanne kuma ya fi ƙarfinku ko kun cika. Wanda za ku iya wucewa ku ɗara shi da maki 1 ku tsaya. Wanda ba za ku kamo ba ku daina binsa, ku mai da makin inda zai sa ku jure bugunsa. Ku buga wasa 20 da wannan tsari, sannan ku same ni a rumfar bayan la'asar mu duba sakamakon tare.