Amsoshin Takardunku: Su Wa Suka Ciyar Da Sojojinmu Daga Sama A Yaƙin Bama?

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi a Kawo cikin Kaduna, ya rubuto yana cewa: "Bayan gaisuwa mai yawa. Tsofaffinmu da suka je yaƙin Bama sun sha gaya mana wai daga sama ake jefo musu abinci. Shin gaskiya ne? In gaskiya ne, su wa ke tuƙa jiragen, kuma ina aka yi abin tunawa da waɗanda aka harbo?"

AMSA: To Malam, gaskiya suka faɗa maka, babu ƙari. Bari mu fara da abin da ke kusa da kai, wato Barikin Dalet na nan Kawo. Dalet sunan wani wuri ne a yankin Arakan na ƙasar Bama, wadda yanzu ake kira Myanmar, inda Runduna ta 82 ta sojojin Afirka ta Yamma ta gwabza da Japanawa a 1945. Shi kuma Barikin Chindit na Zariya ya samo sunansa daga wata runduna da aka shigar da ita bayan sansanin abokan gaba ta jirgin sama a 1944, cikinta har da bataliya uku ta sojojin Nijeriya.

Japan ta mamaye Bama a 1942. Ƙasa ce ta duwatsu da ƙungurmin daji da koguna. Da Runduna ta 81 ta kutsa kwarin kogin Kaladan a farkon 1944, babu hanyar da babbar mota za ta bi ta kai mata kaya. Saboda haka shinkafa, gishiri, magani, harsashi, duk daga sama suke zuwa, sannan 'yan dako na rundunar su ɗauka a ka. Duk manomin da ya taɓa kwana a gona mai nisa guzuri ya ƙare masa ya san abin da muke nufi: jirgi ya yi kwana biyu bai zo ba, dubban mutane ne cikin yunwa.

Jirgin da ya fi yin wannan aiki shi ne Dakota, mai inji biyu, wanda ke ɗaukar kaya kamar tan biyu da rabi zuwa uku. Matuƙansa galibi samari ne na Ingila da Amurka, daga baya da na Kanada. Abin lura, ba jirgin faɗa ba ne, ba a ƙera shi da bindiga ba. Kuma tilas ya yi ƙasa-ƙasa, ya rage gudu, ya yi ta zagaye fili guda sau da yawa, wasu na tsaye bakin ƙofa suna turo kaya. Abin da zai fashe a ɗaura masa laima, ita kuwa shinkafa sau da yawa buhu cikin buhu ake sa ta, a sako ta haka nan. A wannan zagayen ne jiragen yaƙin Japan da masu harbi daga ƙasa ke samun sa. Ga kuma damina, wadda hadarinta da hazonta suka sa jirage da yawa suka daki duwatsu.

Jirgin da ya faɗi cikin dajin da ke hannun abokan gaba, da wuya a je a ɗauko gawa. Shi ya sa da yawa daga cikin mutanen nan ba su da kabari, sai suna a jikin dutse. Na Ingila da ƙasashen da ke tare da ita an sassaƙa sunayensu a Kranji, cikin Singafo, a wani gini da aka buɗe a 1957 mai ɗauke da sunaye fiye da 24,000, har da mayaƙan sama da suka ɓata a sararin Bama da maƙwabtanta.

Su kuma sojojin ƙasa nasu daban. A maƙabartar Taukkyan, arewa da birnin Rangun, akwai ginshiƙai da aka buɗe a 1958 ɗauke da sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba, kuma a nan za ka tarar da sunayen mutanenmu. Ka ga ke nan wanda ya jefo buhu da wanda ya ɗauka, kowa ƙasar da aka rubuta sunansa daban. A ganinmu da ya fi kyau a ce mai karanta ɗaya ya ga ɗayan kusa da shi.

Hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Kwamanwel ce ke riƙe da wuraren biyu, kuma ta sa rajistarta a intanet. Wanda ke neman kakansa sai ya sa yaro ya duba masa, amma a nemo lambarsa ta soja tukuna, domin Turawa sun rubuta sunaye yadda kunnensu ya ji, kuma masu suna Musa Kano ko Garba Sakkwato ba ɗaya ba ne ba biyu ba.