Daga damina zuwa bazara: Cututtukan da ke bin karnuka da maguna a Wudil, da yadda za a kauce musu

A Wudil da ƙauyukan da ke kewaye da ita, ba don ado ake kiwon kare ba. Shi ne mai gadin gida da garke, kuma abokin tafiyar mafarauci. Ita kuwa kyanwa, ita ke tsare rumbu daga ɓarnar ɓera. Sai dai ba kasafai ake tuna lafiyarsu ba sai sun kwanta, alhali da yawa daga cikin cututtukansu kan tsallaka zuwa ga mutane, musamman yara. Kowane yanayi na shekara da irin haɗarin da yake zuwa da shi.

Damina: lokacin kaska da tsutsa

Daga watan Yuni zuwa Satumba, danshi da yabanya kan sa kaska ta yawaita, musamman a fadamun bakin kogin Wudil da hanyoyin da shanu ke bi zuwa kasuwar kara ta ranar Juma'a. Akwai kuma kaskar kare, wadda ke ɓuya a tsagar bango. Bayan shan jini, kaska kan sa wa kare cutar da ke farfasa ƙwayoyin jininsa. Alamunta su ne zazzaɓi, ƙin cin abinci, dasashi ya yi fari, wani lokacin fitsari ya yi duhu.

A damina ne kuma wani ƙuda ke yin ƙwai a yashin da fitsari ko kashi ya ɓata. Tsutsarsa kan huda fatar kwikwiyon da ya kwanta a wurin, ta zama maruru mai rami a tsakiya. Haka nan ƙwan tsutsar ciki ya fi daɗewa a jiƙaƙƙiyar ƙasa, kuma akwai nau'in da ke shiga ta fatar yaron da ke yawo ba takalmi. Share kashin dabba kullum shi ne riga-kafi mafi araha. Likitocin dabbobi kan ba kwikwiyo maganin tsutsa tun yana da mako biyu, babba kuma duk bayan wata uku.

Kaka da hunturu: guba da ƙuma

Idan amfanin gona ya shigo gida, sai a baza shinkafar ɓera. Kyanwar da ta ci ɓeran da ya ci guba, ita ma tana iya mutuwa. A lokacin sanyi dabbobi kan cunkushe wuri guda, ƙuma da ƙazuwa su samu hanyar yaɗuwa.

A nan ake yawan kuskure: wanke kare ko kyanwa da maganin feshin gona ko na wankan shanu. Sinadarin fametirin, wanda ke cikin wasu magungunan kaska na karnuka, yana kashe kyanwa. Haka ma farasitamol, ko da ƙwaya ɗaya ce.

Rani da bazara: farauta da zafi

A watan Maris da Afrilu zafi kan kai digiri 40. Kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake sanyaya jikinsa, don haka ɗaure shi a rana ba ruwa na iya halaka shi. Kuma a rani ne ake fita farauta, inda karnukan garuruwa daban-daban ke cakuɗuwa su ciji juna. Kare ɗaya mai ɗauke da cuta ya isa ya raba wa saura.

Haukan kare ba shi da lokaci

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare na kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya. Kusan kashi 99 cikin 100 daga kare suke kamuwa, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamu sun bayyana, kusan babu mai tsira.

Amma ana iya hana shi. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana samar da allurar riga-kafin karnuka. Ana yin ta farko yana da wata uku, a riƙa maimaitawa duk shekara, kuma kyanwa ma tana buƙatar tata. Masana sun nuna cewa yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki allura kan katse yaɗuwar cutar. A kan haka aka ɗora burin kawo ƙarshen mace-macen mutane nan da 2030, wanda ake tunatarwa a kai duk ranar 28 ga Satumba.

Wanda kare ko kyanwa ta ciza ko ta yakusa, ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, ya garzaya asibiti a ranar don karɓar allura, ko da ciwon ƙarami ne. Kada a tsaya shafa toka ko ɗaure wurin.

Gargaɗi na ƙarshe ga mahauta: hanta ko huhun da aka ga ƙululun ruwa a jikinsa, a binne shi, kada a jefa wa kare. Ta nan yake ɗaukar tsutsar da ƙwanta ke fita a kashinsa, ya koma cikin mutum ya zama ƙululu a hantarsa.