Zanen duwatsun Jado: lokacin da Sahara ke kore

Wanda ya je Jado a yau, can arewa maso gabashin jihar Agadas, rairayi zai tarar da kangon tsohon birni da 'yan itatuwan dabino. Amma a jikin duwatsun wurin akwai hotunan giwa, raƙumin dawa, jimina da garken shanu. Wasu an sassaƙa su ne, wasu kuma an shafa su da jar ƙasa.

Me ya kawo giwa cikin hamada? Ai a da ba hamada ba ce. Akwai tafkuna da ciyayi, har kimanin shekaru 5,000 da suka wuce, lokacin da damina ta fara janyewa. Masu zanen abin da suke gani kullum suka zana, shi ya sa hannunsu bai yi kuskuren tsayin wuya ko lanƙwasar ƙaho ba.

Duniya ta fi sanin hotunan raƙuman dawan da aka sassaƙa a duwatsun Dabus da ke yankin Ayar, waɗanda aka ɗauki kwafinsu a 1999. Jado kuwa tana jerin jiran shiga wuraren tarihi na UNESCO tun 2006, kuma gano zinariya a 2014 ya cika yankin da masu haƙa.