Cutar ALS: Ina Bincike Ya Kai, Kuma Mene Ne Ya Rage Gare Mu?

Akwai ciwon da yake fara wa mutum da abin da ba a ɗauka da muhimmanci: cokali ya suɓuce daga hannu, takalmi ya riƙa fita daga ƙafa, harshe ya yi nauyi wajen magana. Bayan wasu watanni sai a ga tsokar hannu ta fara motsewa, tafiya ta gagara. A garuruwanmu da yawa, da an kai nan sai a ce sammu ne ko shafar iska. Daga cikin cututtukan da suke zuwa da wannan kama akwai wadda likitoci ke kira ALS, a ƙasashen da ake aiki da Faransanci kuma SLA, ko cutar Charcot, sunan likitan birnin Faris, Jean-Martin Charcot, wanda ya bayyana ta a 1869.

Domin mu fahimce ta, mu sani akwai jijiyoyi da suke ɗauko umarni daga ƙwaƙwalwa, su bi ta laka, su isar ga tsoka ta motsa. ALS tana kashe waɗannan jijiyoyi sannu a hankali. Tsokar da saƙo ya daina isa gare ta sai ta yi rauni ta motse, daga gaɓoɓi zuwa tsokar haɗiya da magana, har zuwa ta numfashi. Ba ɗaya take da shanyewar ɓarin jiki ba, wadda ke faɗowa farat ɗaya, kuma ba shan inna ba ce. Ba a ɗaukar ta ta hanyar cin abinci tare ko taɓa mara lafiya. Galibi gani da ji da jin taɓawa suna nan daram, kuma da yawa daga masu ita hankalinsu bai gushe ba, ko da yake wasu kan sami canjin hali ko tunani. Wanda yake kwance ba ya iya ɗaga yatsa yana jin duk abin da muke faɗa a kansa.

Ta fi kama masu shekara 55 zuwa 75, maza sun ɗan fi mata. Kusan kashi 90 cikin 100 ba su gaje ta ba, sauran kuma tana bin dangi. Yawancin masu ita kan rayu shekara 2 zuwa 5 bayan an gano ta, amma akwai masu daɗewa. Masanin kimiyyar nan na Ingila, Stephen Hawking, an gano masa ita a 1963 yana ɗan shekara 21, bai rasu ba sai 2018.

Har yau ba a sami maganin da yake warkar da ita ba, amma an ci gaba. A 1993 aka gano ƙwayar gado ta farko mai alaƙa da cutar, SOD1, a 2011 kuma aka gano C9orf72, wadda ta fi yawa a tsakanin masu gadon ta daga Turawa. Maganin farko, riluzole, ya sami amincewar hukumar magunguna ta Amurka a 1995, kuma abin da yake ƙarawa watanni ne kaɗan. Edaravone ya biyo baya a Japan a 2015, a Amurka a 2017. A 2023 aka amince da tofersen, wanda ake zubawa cikin ruwan laka domin rage gurɓataccen sinadarin da SOD1 ke haifarwa. Wannan babban mataki ne, domin yana taɓa tushen ciwon, sai dai masu irin wannan gado kusan kashi 2 cikin 100 ne kawai. Akwai kuma darasi: maganin Relyvrio da aka amince da shi a 2022, kamfanin da ya yi shi ya janye shi a 2024 bayan babban gwaji ya nuna bai amfanar ba. Idan masu ɗakunan bincike suna janye nasu, to mu yi hattara da duk wanda ya ce yana da waraka a kwalba, iyali su sayar da gona saboda shi.

Wani ɓangare na kuɗin wannan bincike daga talakawa ya fito. A 2014 mutane suka riƙa kwara wa kansu bokitin ruwan ƙanƙara suna sakawa a Facebook tare da ba da gudummawa. Ƙungiyar ALS ta Amurka kaɗai ta tara dala miliyan 115, kuma wani kaso ya shiga aikin da ya gano ƙwayar NEK1 a 2016. Da ɗaya-ɗaya aka cika wannan rumbu.

To mu fa? Likitocin jijiya kaɗan ne a ƙasashenmu, yawancinsu a manyan birane, sababbin magungunan kuma tsadarsu ta fi ƙarfinmu. Amma likitoci sun tabbatar cewa kulawa mai kyau tana ƙara kwana da sauƙi, kuma rabonmu a nan babba ne. Mu fara da kai mutum asibiti da wuri, domin akwai cututtuka masu kama da ita da ake warkewa, kuma gwajin jijiya da tsoka ne yake bambancewa. Kwamitin masallaci zai iya haɗa kuɗin mota zuwa birni, ko sayen keken guragu da za a riƙa arawa. Na'urar taimakon numfashi ta fuska tana ƙara watanni, amma tana bukatar lantarki, don haka batir ko sola sadaka ce mai amfani. Idan haɗiya ta yi wuya, a ba shi abinci mai laushi kamar kunu mai kauri yana zaune a miƙe, a tuntuɓi likita kan bututun ciyarwa tun jiki bai rame ba. A riƙa juya shi saboda gyambon kwanciya, ana motsa masa gaɓoɓi.

Ɗalibai, ga naku: ku rubuta haruffa a kwali, na boko ko na ajami, kuna nunawa yana ƙyafta ido. Da wannan mutumin da muryarsa ta tafi zai faɗi inda ke masa ciwo, har ya yi wasiyya. Malamai su koya wa iyali yadda ake taimaka masa da alwala ko taimama, da sallah a zaune, a kwance ko da nuni. Mu kuma tuna da mai jinya, wadda sau da yawa mata ce ko 'ya, ba ta barci, ta bar sana'arta. A tsara karɓa-karɓa a unguwa, a kai mata cefane, a zauna da shi ta huta.

Dubiyar mako na farko kowa yana zuwa. Wannan ciwo na shekaru ne, don haka a rubuta sunaye, a raba kwanaki. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya saka wa masu jinya da alheri, amin.