Mazaɓar musamman ta Bermo da wakilcin makiyaya

Bayan taron ƙasa na 1991, dokar zaɓe ta keɓe kujeru 8 cikin 83 na majalisar dokoki domin ƙabilu marasa rinjaye. Bermo, a arewacin Dakoro, ƙasar Fulani makiyaya, ta samu ɗaya tun zaɓen 1993. Har zuwa 2023, a jihohi ana raba kujeru gwargwadon ƙuri'un kowace jam'iyya. A Bermo kuwa, a lokacin, wanda ya fi ƙuri'a shi ne ke zama depite.

Muna lura da abu biyu. Kujerun majalisa sun kai 113 a 2004 da 171 a 2016, na musamman ba su wuce 8 ba, don haka nauyinsu ya ragu. Sannan mazaɓa tana da iyaka, makiyayi kuwa bin ciyawa yake: idan zaɓe ya faɗo da rani, kamar na Fabrairu 1993, wanda ya yi kudu da garkensa yana iya rasa ƙuri'arsa.